Mai Gangarmu a Bencin Baya

Aikina a ranakun mako karanta labarai ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Abuja. Ran Lahadi kuma ni ne tafinta kuma mai sanarwa a wani ƙaramin coci da ke bayan tashar motar Nyanya. Ba zaɓe aka yi aka ba ni ba. Na gaishe da fasto ne wata rana, ya ce ai ya san wannan muryar, tun daga nan makirfo ya zama nawa. Mutanen cocinmu daga Filato suke, da Kudancin Kaduna, da Nasarawa, da Binuwai, kowa da harshen gidansu, Hausa ce ke haɗa mu. Fasto yana wa'azi da Turanci saboda 'yan ofis da yara, ni ina mayarwa. Mai wannan aiki a gaba yake tsayawa, yana fuskantar jama'a. Saboda haka abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi, sai inda na ce an gaya mini.

Mai gangarmu bakanike ne a Apo. Ya haura arba'in, gemunsa ya soma furfura, bai taɓa aure ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki bulo a ka lokacin da ake gina cocin. Shekarar da masu rusau suka shafa jan fenti a bangonmu, yana cikin waɗanda suka tsaya cikin rana a bakin ofishin hukuma, riƙe da kwalayen da aka rubuta 'yancin addini a kansu. Ni na rubuta na Hausar, shi ya buga musu sanduna. Ba mai yawan magana ba ne. In janareta ya mutu ana tsakiyar wa'azi, zai ajiye ganga ya fita, kafin jama'a su gama firfita da takardar waƙa wuta ta dawo.

Ɗakinsu ɗaya da wani tela, mutumin Binuwai, mai shago a kasuwar Gudu, wanda ke ɗinka wa zumuntar mata yawancin kayansu. Sun daɗe tare. Wannan ba abin magana ba ne a Nyanya, inda tsadar haya ke tara maza a ɗaki ɗaya, wani ya tashi wani ya kwanta. Ban taɓa jin wani ya ce uffan a kai ba.

Muna da al'ada a ƙarshen shekara, ranar godiya. Gida-gida ake kiran jama'a. In na kira gidan wane, sai maigida da matarsa da 'ya'yansu su taso daga baya cikin anko, suna rawa har gaban bagadi, ɗauke da abin da suka kawo: doya, shinkafa, kaza, wani har da akuya tana turjewa. Mata su rangaɗa guɗa, fasto ya sa musu albarka, su koma, in kira na gaba. Wanda bai yi aure ba, ba shi da gida a wannan tsarin. Jira yake sai an gama da magidanta, a kira matasa su fito a dunƙule. A cocinmu kuwa matashi shi ne wanda bai yi aure ba, ko da haƙoransa sun zube. Kowace shekara mai ganga yakan miƙa gangarsa ga wani, ya shiga layin matasa da furfurarsa, tsakanin 'yan sakandare, suna tsokanarsa wai shugaban matasa na dindindin. Yakan yi dariya. Ni a lokacin dariya na ɗauke ta.

Da daminar shekarar da abin ya faru mota ta zame daga kan jak ta danne masa ƙafa a gareji. Ya daɗe a kwance. Mun je dubiya a ƙungiyance, muka yi addu'a, muka ajiye lemo, muka tafi. Telan ne ya rufe shagonsa ya zauna da shi, shi ke kai shi bayi, shi ke dafa masa. Kowa ya san wannan, har fasto ya yaba masa a wa'azi.

Lahadin da ke gabanin ranar godiya, bayan sujada, mai ganga ya same ni ina naɗe wayar makirfo.

"Malam, bana ka kira gidana."

"Kai, Oga! Ashe an dace? 'Yar ina ce?"

"Ka dai kira."

"Za ka ɓoye mana amarya har ran godiya? To Allah ya sa ta iya tuwon acca."

Ya yi murmushi, ya ɗingisa ya tafi. Na ɗauka ko ya samo wata a ƙauye, ko kuwa ƙanwarsa ce za ta zo da 'ya'yanta su fito tare, don wasu kan yi haka. Ban tambayi kowa ba. Ba a taɓa neman izinin dattawa kafin a kira gida ba.

Ranar godiya coci ya cika har waje, lasifikar da ke kan rufi tana kai waƙa har bakin titi. Na yi ta kiran gidaje, har na zo kan nasa na kira. Tun kafin nan ya bar wa wani ganga ya koma baya. Sai ga su sun taso su biyu, shi da telan, cikin yadi iri ɗaya, shuɗi mai ratsin fari, ɗinki ɗaya, hula ɗaya. Shi yana riƙe da zakara, telan ya saɓa doya a kafaɗa. A hankali suke takowa saboda ƙafar, telan yana rage sauri don kada ya wuce shi.

Daga inda nake ina ganin fuskoki duka. Waƙa ba ta tsaya ba, amma guɗa ba ta zo ba. Shugabar zumuntar mata, wadda ita ke fara ta, har ta kai hannu hanci, sai ta sauke. Matan da ke bayanta suka dube ta, suka dubi juna. Su biyun suka iso gaban bagadi suka durƙusa. Fasto ya ɗora musu hannu ya yi gajeriyar addu'a, na mayar da ita Hausa. Na kira gida na gaba, guɗa ta dawo, har ta fi ta dā ƙarfi.

A hanyar gida matata ba ta bari mun fita daga cunkoson tasha ba.

"Ka ga abin da ka yi?"

"Gida na kira."

"Gida! To wane ne maigidan, wace ce uwargidan?"

"Mutum ya karye, ɗan'uwansa ya yi jinyarsa, sun fito sun gode wa Allah."

"Da anko? Baban yara, ni kafin ka yarda ka sa yadi ɗaya da ni sai da na yi kuka."

"Tela ne fa. Wataƙila yadi ne ya rage masa."

"Ya rage har da hula. To, mai labarai, ka zauna kana jiran majiya mai tushe."

Daga wannan rana mutane suka fara tuna abubuwa. Wata ta tuna cewa ranar da muka je dubiya katifa ɗaya ta gani a ɗakin. Wani ya tuna cewa telan ba ya ce masa oga kamar kowa. Wata ta tuna wata malamar makaranta daga cikin mawaƙa da aka taɓa haɗa ta da mai ganga, ya yi ta ja da baya har ta gaji ta auri wani. Matan da telan ya shekara yana gwada musu kaya suka gano cewa tafiyarsa akwai wani abu a cikinta. Duk waɗannan abubuwa suna nan tun dā, a gaban kowa, ba wanda ya tsince su sai yanzu.

Ni ma ban tsira ba. Ina tsaye a gaba ina fassara, sai in kama kaina ina bin idon mai ganga in ga inda yake sauka. Na ga yakan dubi layin da telan ke zama. Da na ƙara lura sai na ga yakan dubi agogon bango fiye da haka, ya dubi ƙofa, ya dubi fasto. Na rasa abin da zan yi da wannan binciken.

A watannin ne kuma labarin majami'un ƙasashen waje masu ɗaura auren jinsi ke yawan zuwa teburina a wurin aiki, ina fassarawa ina karantawa. Ran Lahadi sai a tare ni a bakin ƙofa: "Malam, da gaske ne abin da muka ji ka faɗa?" Fasto ya yi wa'azi a kai. Ya ce waɗanda suka kawo mana bishara yanzu suna so su canja mana ita, su ɗaura canjin a jikin tallafi, kuma 'yancin addininmu shi ne mu ce ba mu yarda ba. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Wasu daga cikin masu amin ɗin ba fasto suke kallo ba, wajen ganga suke kallo.

Koyarwar ikkilisiyarmu a kan wannan batu ba ɓoyayya ba ce, zunubi ne a wurinta. A cikinta na girma, ban kuma taɓa tsayawa na yi jayayya da ita ba. Amma aikina ya sa na san cewa dokar ƙasa tana da hukunci mai tsanani a kai, na kuma san cewa a unguwa irin tamu ba a cika jiran doka ba. Kalma ɗaya a bakin tasha ta isa ta raba mutum da ɗakinsa, da garejinsa, wani lokaci da abin da ya fi haka.

Wanda ya ɗauki maganar ya kai ta gaba shi ne babban dattijon ikkilisiya, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutum mai tsari, wanda ba ya makara kuma ba ya mantuwa. An gaya mini malamar nan da mai ganga ya ƙi ƙanwar matar dattijon ce. An gaya mini ne, ban tabbatar ba, amma tun da na ji ban iya cire shi daga kaina ba in yana magana. Shi ma da nasa zaton a kaina. Ya ja ni gefe wata Lahadi.

"Malam, kai ka kira su. Wa ya ba ka sunan?"

"Shi da kansa, Baba."

"Ka san da wa zai fito?"

"Ban sani ba."

"Mutum mai aikin labari, bai sani ba." Ya daɗe yana kallona. "Wurinsa kake kai motarka, ko?"

"Rabin cocin nan wurinsa suke kai mota, Baba. Har da taka."

Bai yi dariya ba.

Aka kira mai ganga gaban dattawa, bayan sujada, a ofishin fasto, rana tana dukan kwano. Ni an kira ni ne tafinta, don akwai dattijo ɗaya da Hausarsa ba ta da ƙarfi, mai ganga kuma ba ya sakewa da Turanci. Telan ba a kira shi ba, an ce shi ba a cocinmu aka yi masa baftisma ba.

Fasto ya fara. "Ɗan'uwa, ba shari'a muka kira ka ba. Magana ce ke yawo, muna so mu ji daga bakinka."

"Wace magana, Baba Fasto?"

Babban dattijo ya gyara zama.

"Kai da yaron nan tela. Mene ne tsakaninku?"

"Ba yaro ba ne, Baba, ya girme ni. Ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Da na karye shi ya ɗauke ni."

"Mun san wannan. Ba shi muke tambaya ba."

"To me kuke tambaya?"

"Ka sani."

"Ku faɗa mana. Ga tafinta nan, ba abin da bai iya faɗa ba."

Dattijon ya faɗi kalmar, luwaɗi. Na maimaita ta da Turanci. Muryata ba ta canja ba, haka aka koya mini a wurin aiki.

"Wa ya gan ni?" in ji mai ganga. "A kira shi."

"Ba wanda ya ce ya gan ka. Amma ka fito a layin masu aure."

"A layin masu gida na fito. Na gaji da bin bayan yaran da aka haifa a gabana. Na kwanta, Allah ya tashe ni, na ce in fito da wanda ya riƙe ni. Ko akwai wani a nan da ya taɓa kai ni bayi, in fito da shi?"

Fasto ya sassauta murya.

"To ka ce mana babu komai, mu rufe maganar nan yau."

Mai ganga ya dubi hannuwansa. Ko ran Lahadi baƙin mai ba ya fita daga farcensa. Sannan ya nuna babban dattijo da haɓa.

"In na ce babu, Baba zai yarda? Yau in ce babu, gobe a ce in rantse, jibi a zo a leƙa ɗakina. Ban yi wa kowa laifi a cocin nan ba. Mai shaida ya kawo."

A wurin aikinmu irin wannan amsa mukan ce bai amsa ba, bai kuma musanta ba. Mutumin da aka ɓata wa rai a banza zai iya faɗin haka. Mai ɓoye wani abu ma haka zai faɗa. Na juya amsar a raina a wannan zama, na kuma juya ta sau da yawa bayansa, ban iya rarrabewa ba.

Da mai ganga ya ga inda maganar ta nufa, sai ya ce wa fasto, "Ranar da muka je ofishin masu rusau muna cewa a bar mu mu yi sujada, ban da ni a ciki?"

Dattijon ne ya amsa. "Da kai a ciki. Amma abin da muka roƙa shi ne a bar mu mu bi Maganar Allah yadda yake. Ba mu roƙa a bar kowa ya shigo ya yi yadda yana so ba. Gwamnati ba zai zaɓa mana wanda zai ci Jibin Ubangiji ba, Bature ba zai zaɓa mana ba, kai ma ba za ka zaɓa mana ba."

Na mayar da maganar kowannensu da nauyinta.

Suka sa shi a horo. A cocinmu wanda ke cikin horo yakan ajiye duk aikin da yake yi, ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa, kuma ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ɗan kofin da ake raba wa masu bi. Ba su ce ya aikata ba, don ba su da abin da za su riƙe. Cewa suka yi ya zama abin tuntuɓe ga jama'a, kuma zai dawo ranar da ya raba ɗaki da telan, ko ya kawo matar da zai aura.

Ni na karanta sanarwar horon ran Lahadin da ta biyo baya. Kafin in fara, fasto ya yi wa mai kula da na'ura alama ya zare wayar lasifikar waje. Har yau ban sani ba ko don ya kare mutumin ya yi, ko don ya kare sunan coci. Wataƙila shi ma bai raba su ba. Da aka tashi, mai shayin da ke bakin ƙofarmu, Bakatsine wanda ya sha wa'azinmu ba da son ransa ba har ya haddace waƙoƙinmu, ya yafito ni.

"Malam, yau lafiya? Ana cikin magana sai muka ji kun yi ɗif."

"Maganar cikin gida ce."

"To Allah ya rufa asiri," ya ce. Yana zuba shayi daga kofi zuwa kofi, idonsa yana kan ƙofa, yana duban masu fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Bencin baya ba baƙo ba ne a wurinmu. Yarinyar da ta yi ciki kafin aure ta zauna a kai, magidancin da burkutu ya kayar a titi ya zauna. Amma su kowa ya san laifinsu, sun furta shi, kuma ana iya cewa ga lokacin da za su tashi. Shi nasa ba suna. Mutane suka rasa yadda za su gaishe shi. Wasu su miƙa hannu da sauri su wuce, wasu su zaga ta ƙofar gefe. Iyaye mata masu goyo, waɗanda dā ke zama a bencin saboda iska, suka matsa gaba.

Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Yakan riga kowa, da wankakkiyar riga, ya zauna. Wanda ya karɓi ganga bai iya ba, sai in hango yatsun mai ganga suna gyara kiɗan a kan gwiwarsa. Ranar da janareta ya fara mutuwa, coci duka ya waiwaya baya. Ya tashi ya fita, wuta ta dawo, ya koma bencinsa. Wani ya tambayi babban dattijo ko hakan bai karya horo ba, ya ce janareta ba aikin Ubangiji ba ne. Ran jibi kuwa, masu rabo sukan bi layi-layi da faranti, in sun zo na kusa da ƙarshe su juya.

Na kai motata Apo a cikin watannin, da shakkar ko wani zai gan ni a can, da haushin kaina saboda shakkar. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito na ce masa akwai manyan majami'u a cikin gari, inda mutum zai shiga ya fita ba wanda ya san shi.

"Malam, kai ma korata kake yi?"

"Sauƙi nake nema maka."

"In na mutu yau, wa zai kai gawata gida? Waɗancan ko sunan ƙauyenmu ba su sani ba." Ya goge hannu da tsumma. "Kuma ka san wanda ya mutu a bencin baya ba a yi masa sujadar jana'iza. Shi ya sa yanzu nake sa jak biyu."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ban tambaye shi abin da dattawa suka tambaye shi ba, shi kuma bai ba ni ƙofa ba.

Telan bai ƙara taka cocin ba tun ranar sanarwa. Mata suka janye kayansu daga shagonsa. Tawa ma ta je Gudu ta karɓo atamfarta ba a ɗinka ba. Ta ce ya ninke ta da kyau ya sa a leda, ya ce, "Anti, ki gaishe da oga." Ranar ba ta yi mini tsiya ba, ta ajiye ledar a kan kujera ta shiga kicin. Bayan haka aka gaya mini mai gidan hayarsu ya fara tambayar maƙwabta. Ba a daɗe ba telan ya rufe shago ya koma Akwanga, wurin yayansa.

Mai ganga ya je ya shaida wa fasto cewa yanzu shi kaɗai ne a ɗaki. Dattawa suka tura mutum biyu suka je suka duba, suka dawo suka ce haka ne. Ran Lahadin da ta biyo baya aka kira shi gaba. Fasto ya riƙe hannunsa ya ɗaga, ya tambayi jama'a ko sun karɓe shi, na mayar da tambayar.

"Mun karɓe shi!"

Aka tafa, aka yi waƙa. Babban dattijo ya rungume shi, kuma ba na jin rungumar ƙarya ce. Matan da suka daina gaishe shi suka yi ta share hawaye. Da faranti ya iso gabansa ya ɗauki ɗan kofin ya riƙe, ya daɗe yana riƙe da shi, sai da na kusa da shi ya taɓa shi sannan ya sha.

Na ɗauka magana ta ƙare. Wata Asabar da safe na raka surukata tashar Nyanya za ta koma gida. Ina neman mata kujerar gefen taga, sai na gan shi a gaban motar Akwanga, da ɗan injin keken ɗinki a kan cinyarsa, an naɗe shi da leda. Ya ga na gani.

"Oga, tafiya?"

"Akwanga, Malam. Gobe kafin sujada ina nan."

Ɗan kamasho yana ta ihu saura mutum ɗaya. Mai ganga ya dafa ledar.

"Ya bar shi ne a lalace, ya ce in na gyara in ba direba. Na ga direbobin nan za su fasa shi."

"Ban tambaye ka ba."

"Idonka ya tambaya."

Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin. Mutum yana iya kai wa tsohon abokin zamansa abin sana'arsa. Na faɗa wa kaina haka a hanyar gida, na kuma faɗa wa kaina ɗaya fassarar. Matata ban gaya mata ko ɗaya ba.

Washegari, ina gwada makirfo, babban dattijo ya zo ya tsaya kusa da ni.

"An ce jiya an gan ka a tasha."

"Surukata na raka, Baba."

"An ce kun tsaya da mutuminmu."

Na dubi waɗanda suka riga suka zauna, ina neman wanda zai iya zama mai cewar. Kowa kansa a sunkuye yana addu'a.

"Mun gaisa."

"Ina ya ce zai je?"

"Ga shi can yana ɗaure ganga, Baba. Ya fi ni sani."

"Zan tambaye shi," ya ce. "Amma kai na fara tambaya."

Bai tambaye shi ran nan ba, ban kuma ji ya tambaye shi daga baya ba. Abin da ya yi shi ne ya bar kujerarsa ta dā a tsakiyar dattawa, ya koma ta ƙarshen layi, inda yake ganin ganga yana kuma ganina ba sai ya juya wuya ba. A can yake zama har yanzu. Mai ganga yana gaba, yana cin jibi duk ranar da aka raba. Wasu Asabar ɗin in na bi ta Apo yaransa su ce oga ya yi tafiya, ni kuma in bar musu makullin mota ban tambayi ina ba.